Wanda Ya Ci Ba Ya Tashi

Ku matso nan. Ke Ummita, kashe wayar nan, haskenta ya ishe ni. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya yi mini dariya. In kuma na ji zancen nan a waje, ni da ku ne.

Kun san Malam Jazuli tela na bakin titi? Eh, shi ɗin dai, mai gemun nan da ke korar yara in ya gan su suna buga gem a waya. To, da yana yaro, kaf garin nan babu mayen gem irinsa. A lokacin ba a waya ake yi ba. Ɗan inji ne ake haɗawa da talabijin, a cusa masa kaset, in ya ƙi kamawa a zaro a hura masa iska da baki a mayar. Hannu biyu ne masu igiya, mutum biyu su zauna su kara. Shago ɗaya ne ke da shi, na Ilu Mai Gem, a lungun bayan tsohuwar kasuwa. Dokar shagon kowa ya san ta: wanda aka ci ya miƙa hannu ya tashi, wanda ya ci ba ya tashi. Jazuli kuwa in ya zauna, sai dai yunwa ta tashe shi.

Ilu ya rasu tun ba a haife ku ba, shagon ya rufe, lungun ya mutu. Jazuli ya girma, ya yi aure, ya zama mutumin da ake gaisarwa a durƙushe. Amma abin bai fita daga ransa ba. Kunyar faɗa kawai yake ji.

Wata rana matarsa ta ce ya biya Islamiyya ya ɗauko 'yarsu Basira, 'yar ƙarama, ko famfara ba ta yi ba. An tashe su a makare, magariba ta kawo jiki. Don ya yanke hanya, sai ya riƙo hannunta suka bi ta lungun nan.

Suna cikin tafiya ya ji kiɗa. Siriri, ƙasa-ƙasa, irin na tsohon inji in an kunna shi. Ya tsaya cak. Tun safe aka ɗauke wuta a unguwar, amma ga labule a ƙofar shagon Ilu, haske shuɗi na wasa a bayansa.

"Abba, mu tafi. Umma ta ce ba a tsayawa a waje da magariba."

"Zauna nan kan dakali, Mamana. Kada ki motsa sai na fito, kin ji? Leƙawa kawai zan yi."

Ya ɗaga labule ya shiga. Babu sallama, babu bisimilla. Haka suke faɗawa shagon nan suna yara, haka ƙafarsa ta kai shi.

Komai na nan yadda ya bar shi. Bencin nan mai ƙusa a gefe. Warin roba mai zafi da zufar yara. Mutane na tsaye a jikin bango suna jiran layi, sai dai hasken talabijin ba ya kama fuskokinsu. Mutum ɗaya na zaune a benci. Bai waiwayo ba, ya miƙo masa ɗaya hannun gem ɗin.

"Ka daɗe, Jazuli."

Mutumin yana gabansa, amma muryar daga bayan kunnensa ta fito. Sai kuma ya ga abin da ke cikin talabijin: wasan faɗan nan nasu ne, mai jan wando da mai shuɗi. Wallahi kamar wanda ya ga ɗan'uwansa da ya ɓata. Ya zauna.

Yatsunsa ba su manta komai ba. Ya yi tsalle, ya kai duka, ya shimfiɗe mutumin. Daɗi ya cika shi har ya yi 'yar ƙara, ya manta gemu, ya manta shekaru. Mutumin ya tashi, wani ya zauna. Shi ma ya cinye shi. Wani ya zauna.

A nan ne ya fara lura. Babban yatsan abokin karawarsa ba shi da farce, kuma ya yi tsawo, yana lanƙwashewa ta baya. Ya sunkuyar da ido. Takalman mutumin, baya suke kallo, shi kuwa talabijin yake fuskanta. Can gefe kuma ga filogin talabijin yashe a ƙasa, ba a haɗa shi da komai ba.

Daga waje ya ji 'yar murya. "Abba, an kira salla."

Ku saurara da kyau, don wannan ne abin da yake cinsa har gobe. Ya riga ya ga yatsan. Ya ga takalman, ya ga filogin. Ya san sarai inda yake zaune. Amma saura kaɗan ya kayar da wannan ma, sai ya ɗaga murya ya ce, "Bari in gama wannan!"

Ya gama. Ya yunƙura zai tashi, bencin ya riƙe shi kamar an ɗinke shi a jiki.

"Ina za ka?" in ji muryar. "Wanda ya ci ba ya tashi."

"'Yata na waje."

"Mun gan ta."

Wani ya zauna. Jazuli ya ce a ransa, to bari in bari a ci ni. Ya saki jiki. Ina! Yatsunsa suka ƙi. Su kaɗai suke gudu a kan maɓallai, suna karewa, suna ramawa. Ya so ya jefar da hannun gem ɗin, ya manne masa a tafi. Ya buɗe baki zai yi addu'a, abin da ya fito daga maƙogwaronsa kiɗan injin ne. Na jikin bango suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Ka gaji ne? In ka gaji akwai mai karɓar maka. Yatsunta ƙanana ne. Za ta daɗe a nan."

Ɗaya daga cikinsu ya bar jikin bango, ya bi ta labule ya fita, labulen ko motsi bai yi ba. Sai Jazuli ya ji muryarsa, tasa ta kansa, tana magana a waje cikin lallashi.

"Basira, taso ki ga wani abu."

Sunan mahaifiyarsa yarinyar ta ci, tunda aka haife ta bai taɓa kiran sunan nan da bakinsa ba. Ya kasa kunne. Shiru. Muryar ta sake kira, ta fi ta farko zaƙi.

Hannuwansa ba nasa ba ne, bakinsa ba nasa ba ne. Ƙafarsa ce kawai ta rage. A gidan gem kuwa akwai abin da ya fi sata muni: mutum ya girgiza inji ana tsakiyar wasa don ya tsaya. Wanda duk ya yi haka an kore shi ke nan har abada, yara su bi shi da ihu har ƙofar gidansu. Jazuli bai taɓa yi ba, shi ne ma kan gaba wajen yi wa masu yi ature. Ya rufe ido, ya kai wa injin hauri.

Hoton ya daskare, layuka suka cika talabijin, wata ƙara siririya ta tashi.

"Ɗan rinto," in ji muryar.

Sai duk suka ɗauka, da muryoyin ƙananan yara: "Ɗan rinto! Ɗan rinto!" Bencin ya sake shi. Hannuwa masu sanyi suka tunkuɗo shi ta ƙeya.

"Kada ka ƙara dawowa."

Allah ya yafe masa, ko a wannan halin sai da maganar ta yi masa zafi.

Ya faɗo waje a kan gwiwoyinsa. Duhu ya rufa, an daɗe da idar da isha'i. Ya waiwaya: babu labule, babu ƙofa, sai rusasshen gini da kashin awaki. Basira na nan kan dakali inda ya ajiye ta, ta ƙanƙame jakar littattafanta, sauro ya yi mata kaca-kaca da fuska. Ya taɓa ta.

"Mamana."

Sai a lokacin ta fashe da kuka. "Wani ya yi ta kirana da muryarka, na toshe kunnena."

Ya sunkuya zai ɗauke ta, ta noƙe. Ya ji dakalin a jiƙe.

"Abba, fitsari ne ya matse ni, kuma ka ce kada in motsa." Ta ɓoye fuska a hijabi. "Don Allah kada ka faɗa wa Umma. Na girma. Ni zan wanke da kaina."

Ita ke jin kunya, kun ji. Ita. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Jazuli ya shige. Ya saɓa ta a kafaɗa, danshin ya ratsa kaftaninsa har fata, yana tafe yana hawaye, ba ya so ta gani.

A ƙofar gida suka tarar da matarsa riƙe da tocila, hankalinta a tashe, har ta aika gidan malamin Islamiyyar. "Ina kuka shiga haka, Malam?"

Babban mutum da gemunsa, ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce wani abokinsa ne ya tsare shi da magana. Ya juya jiƙaƙƙen gefensa wajen duhu, ya wuce da yarinyar bayan gida. Yana zuba mata ruwa a buta, ta kamo hannunsa, ta matso kusa da kunnensa.

"Na gode, Abba. Ka rufa mini asiri."

To, ku dai kun ji. Kada in ga ƙafar wani a lungun nan da magariba, ko shi kaɗai ko da rakiya. In kun ji kiɗa, ku ƙara sauri. Ba yanzu kawai ba, har ranar da kuka tara gemu.