Majinyatan Mai Tabarau

"Na matarsa ne!"

Almakashin da ke hannun Auta ya suɓuce ya faɗi a tsakanin tukwanen furannin baranda. Ta juyo ta dubi 'yar gwaggonta, wadda kowa ke kira 'Yar Gayu.

"Wace matar kuma?"

"Wadda ta rasu mana! Duk furannin okid ɗin da Mai Tabarau ke kawo miki nata ne. Ke kina nan kina cewa sonki yake, shi kuwa mai jinya ya samu a ɓagas!"



Mai Tabarau shi ne mai shagon gilashin ido da ke tsallaken titinsu. Wata rana ya ƙwanƙwasa musu ƙofa rungume da tukunya, ganyen cikinta ya yi laushi kamar kunnen akuya, ya ce, "An ce nan ne asibitin tsirrai." Tun daga ranar bai daina zuwa ba. Ta warkar da wannan, ya kawo wani. Yana kiranta Likita, ita kuma tana yi masa tsiya, wai yana sayar wa mutane ido amma ba ya ganin tukunya ta cika da ruwa.

Kafin la'asar 'Yar Gayu ta kai maganar kunnen Yaya Babba. Dama ta daɗe tana zarya a shagon, yau wannan tabarau gobe wancan, alhali idonta lafiya ƙalau.

"Ba zan ba da ƙanwata ga mutumin da zuciyarsa ke wani wuri ba," in ji Yaya Babba. "Kada ya sake taka gidan nan!"

"Umma, ki sa baki..."

"Yayanki ya yi gaskiya, Auta. Yaya za ki yi gasa da wadda ba za ta sake yin laifi ba?"

Auta ta sha kukanta ta ƙoshi. Amma da hawayen suka tsaya, sai wani abu ya riƙa sosa mata rai. Ta ɗauko okid ɗin da ya kawo na ƙarshe, ta zare shi daga tukunya a hankali.

Saiwoyin a cushe suke cikin siririn kofin roba, irin wanda ake sayar da su a ciki. Ba a taɓa sauya masa mazauni ba. A gindin kofin ga ragowar jar alamar kanti, ko ƙura ba ta yi ba.

Ta duba na kusa da shi. Haka. Na gaba ma haka!

Na farkon nan ne kawai ta tuna ya zo a tsohuwar tukunyar ƙasa, da ɓawon itace, saiwoyinsa sun tsufa.

To, sauran daga ina?

Gari na wayewa ta tsallaka titi, ta dire kofin a kan teburin gilashinsa.

"Malam, yaushe matarka ta rasu?"

Ya cire tabaransa. "An yi shekaru, Likita."

"Allah ya jiƙanta. Amma wannan ko wata bai yi da barin kanti ba. Ka yi min bayani."

Ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa.

"Na farkon nata ne. Da kika raya shi, sai na kai wa mahaifiyarta, har ta yi kukan murna. Na dawo gida, sai na ga ba ni da sauran dalilin ƙwanƙwasa ƙofarku..."

"Sai?"

"Sai na tafi babban kanti, can lungun da suke jibge waɗanda suka fara mutuwa. Yanzu har sun san ni, mafi muni suke ajiye min."

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na bin kumatunta.

"Duk wahalar da na sha! Bakinka ciwo yake yi?"

"Da na gan ki maganar ke guduwa, zuciyata. Gara a ce ban iya ban ruwa ba da a ce kin kore ni."

Yaya Babba dai ya ce shi ba a yaudararsa da labari. Sai ga baƙuwa ranar Asabar, dattijuwa mai sanda, ta yi sallama ta zauna kusa da Umma. Mahaifiyar marigayiyar ce.

"'Yata ta tafi, amma shi ɗana ne har gobe," ta ce. "Ya riƙe ta da amana har ƙarshe. Ni na zo nema masa auren Auta, don in an bar shi, sai ya kwashe duk matattun furannin garin nan bai furta ba."

Umma ta share ido. Yaya Babba ya yi gyaran murya, ya ce a kawo wa baƙuwa ruwa mai sanyi.

'Yar Gayu kuwa, daga ranar idonta ya warke.

Bayan aure, Auta ta kafa masa doka: ba sauran majinyata. Ta cika kwalin ƙwai da ƙasa mai laushi, ta ba shi irin tumatir, ta ce ya koyi rayawa tun daga tushe. Kullum yana durƙushe gaban taga yana leƙe.

Wata safiya ta ji ihunsa.

"Masoyiya! Zo da gudu, ya fito!"

Ta sunkuya ta ƙura wa siririn koren abin ido, ta danne dariya.

"Angona... ciyawa ce."

Ya yi sauri ya kare kwalin da hannu biyu.

"Ko ma mece ce, a hannuna ta rayu. Kada ki taɓa min ita!"