Turakun Awakin Kaka Habsatu

A wani ƙauye kusa da Affala akwai wata yarinya mai son awaki kamar ranta. Shekara biyu ke nan da samun mulkin kai, tana cikin yaran farko da aka sa lakwal, wato makarantar boko.

Tana zaune da kakarta, Habsatu. Abin da Kaka ta mallaka shi ne 'yar gona guda da awaki huɗu.

Da aka gama girbi, Kaka ta miƙa mata igiya ta ce, "Ki riƙa ɗaure su cikin gona. Kwana ukku-ukku ki tuge turaku ki kai gaba. Ni ƙahwahuna ba su kai ni."

"To, Kaka."

A tsakiyar gonar akwai gawo mai inuwa. Nan ta kafa turaku. Kullum in ta taso daga lakwal, sai ta kai musu harawa da ruwa.

Da kwana uku suka cika, ta dubi zafin rana, ta dubi awakin suna kwance suna tuƙa. Sai tausayi ya kama ta. Ta bar su a inuwa.

"Kin kai turaku gaba?" in ji Kaka.

"I," ta amsa, kanta a ƙasa.

Haka aka yi har rani ya ƙare.

Damina ta faɗi, aka yi shuka. Amma hatsin ya fito rawaya-rawaya, siriri. A gindin gawo kuwa taki ya yi tuli har ya ƙone shukar.

Kaka ta dogara sanda ta je gona. Ta daɗe tana kallo. Can ta ce a hankali, "Wanga hatsi shi na abincinmu na shekara."

Yarinyar ta fashe da kuka. "Laihina ne, Kaka. Ban taɓa tuge su ba. Tausai suka ba ni."

Kaka ta jawo ta jikinta, ta share mata hawaye da bakin zane.

"Uwar awaki! Tausanki na da kyau, ƙaryar ce ba ta da kyau. Ƙasa ma na jin yunwa, ɗiyata. Kashin awaki shi na tuwonta. Kin cika ma wuri guda ciki, kin bar saura."

"Ba a iya gyarawa?"

"Ɗauko ƙwarya."

Lokacin hutu ne. Kowace safiya yarinyar ta kwashi taki daga gindin gawo, ta zuba tafi guda kusa da kowace shuka. Bayanta ya yi ciwo, amma ba ta fasa ba. Aka yi ruwa biyu, gona ta koma koriya shar. Da lokacin girbi ya zo, suka cika rumbunsu.

Yarinyar ta gane cewa umarnin babba yana da dalili, kuma faɗin gaskiya da wuri ya fi.

Da rani ya dawo, ta yi wa awakin 'yar rumfa ta kara. Duk kwana uku sai ta tuge turaku, ta ɗauki inuwar ta tafi da ita.