Ƙarfen da Ke Gonar Tuffa

Ranar da Corinne ta fara zuwa kwarinmu, Wade yana kan tsani yana rage rassan tuffa. Ta tsaya a ƙasa rungume da wani ƙarfe mai kusurwa uku, kamar ƙaton mazurari, ta ce izini take nema ta kafa shi a saman gonarsu, a jikin tsauni.

"Na kama tashar talabijin ne?" in ji shi.

"Tauraron ɗan'adam ne zai riƙa haska shi in ya gifta. Daga nan zan san ko tsaunin yana motsi."

"Tsaunin nan tun kakana yake zaune."

"To, bari mu ji ta bakinsa."

Garin kallonta Wade ya tsallake matakala, saura kaɗan ya sha ƙasa. Gidana yana kallon nasu, labulena kuma ba shi da kauri.

Corinne ta gama digiri na uku a jami'ar birni, tana aikin wucin gadi, tana jiran kujerar koyarwa guda ɗaya da za a cike a lokacin kaka. Mai neman kujerar tare da ita Preston ne, abokin ofishinta, wanda ya daɗe yana kawo mata kofi ba ta aike shi ba.

Ƙarfen da aka kafa da siminti ba ya bukatar gaisuwa, amma duk Asabar sai ga motarta. Yana ce mata 'yar sama, tana ce masa manomina.

Darlene, uwar Wade, ba ta ga abin dariya ba.

"Kafin ta zo barci muke yi lafiya," ta ce masa. "Yanzu ko babbar mota ce ta wuce sai gabana ya faɗi. Ba na son suruka mai leƙen mutane daga sama."

Da dusar ƙanƙara ta narke, ruwan sama ya ɗora a kai. Tauraron ya gifta, ya nuna ƙarfen ya zame ƙasa fiye da yadda ya zame a shekara guda. Preston ya leƙa kwamfutarta ya yi murmushi.

"Manominki ya buge shi da tarakta, kunyar faɗa yake ji. Ki tada gari a kan wannan, kwamitin ba da kujera ya ji, kin gama yawo."

Farfesansu ma ya ce ta jira giftawa ta gaba. Ta ɗauki waya ta kira Wade.

"Manomina, ka taɓa ƙarfen? Ko bisa kuskure. Ba zan yi fushi ba."

"Ban taɓa ba, 'yar sama."

"Ka dai tuna."

"So kike in ce na taɓa?"

"Sosai nake so."

"Yi haƙuri. Ban taɓa ba."

Ta zo ta duba da idonta. Ruwa ya wanke ko'ina, ciyawa ta rufe sauran. Ko dai Wade ƙarya yake yi, ko kuma tsaunin yana tahowa kanmu. Ta wuce ofishin gunduma ta ce a kwashe mutanen kwarin, ba ta jira farfesa ba.

Aka kwashe mu zuwa zauren wasannin makaranta, da karnukanmu da magungunanmu. Kwanaki suka yi ta wucewa. Tsauni yana nan zaune abinsa. Kullum da safe muna fita mu kalle shi, ba mai son ya faɗo, ba kuma mai son a ce tsoron banza ya ji. Mutane suka daina amsa gaisuwar Corinne. Labari ya iso mana cewa Preston ya riga ya kai maganar gaban kwamiti.

Wata safiya Darlene ta naɗe bargonta, ta zaro makullin gida. Corinne ta tare ƙofa.

"Misis Halvorsen, don Allah kada ki koma."

"Yarinya, ɗan nan nawa ya taɓa fasa tagar coci ya ce iska ce. A kan maganarsa kika rataya aikinki?"

"A kanta na rataya."

"Mama, shekarata bakwai lokacin," in ji Wade.

"Kai yi mini shiru."

Darlene ta daɗe tana kallon yarinyar, ta ga idanunta sun faɗa, leɓe ya bushe. Sai ta koma ta zauna a bakin gadon tafi-da-gidanka.

"Gobe zan tafi. Ba don ke na zauna ba, gwiwata ce."

A ranar, muna layin miyar rana muka ji shi. Da farko kamar jirgin ƙasa daga nesa, sai tagogi suka ɗauki rawa. Ba wanda ya yi ihu. Da ƙarar ta lafa muka fita. Rabin gonar tuffa babu, gidan Darlene kuwa bututun hayaƙi kawai ya rage a saman laka. Darlene ta laluba ta kama hannun da ya fi kusa da ita. Na Corinne ne, ta kuma gane, ba ta saki ba.

An ɗaura auren da kaka, sati guda bayan an ba amarya kujerarta. Preston ya aiko da tukunyar dafa shinkafa, bai zo ba. Darlene ce ta gyara wa amarya mayafi, tana faɗa wai an ɗinka shi a karkace.

Allah ya sa albarka, ya ba su 'ya'ya masu jin magana, ya zaunar da su a kan ƙasar da ke zama wuri ɗaya.