Danjar da Ba Ta Kama Ba

Sufeto Lahoucine Amzil yana cin abincin rana shi kaɗai a ofis, kamar kullum tun da aka dawo da shi Tiznit ya baro iyalinsa a Fes, sai aka bugo cewa an yi haɗari a bakin gari, mutum ɗaya ya rasu.

Ya tarar da wata motar gida, irin wadda tsofaffin Faransawa ke zuwa cin hunturu da ita, tana jan ƙaramar mota a baya. Gilashin bayan ƙaramar ya tarwatse, kifi ya watsu a kan kwalta. Mamacin sunansa Idder, mai tallan kifi a babur, shi ne ya daki bayan ƙaramar. Wani direba da abin ya faru a gabansa ya ce babbar motar ce ta ci birki saboda akuya, amma bai ga wuta ta kama a bayan ƙaramar ba.

Sufeto ya sa kofur ɗin da ya rako shi ya taka birki, shi ya zagaya baya. Danjar babbar ta kama, sai dai ƙaramar ta tare ta. Ta ƙaramar kuwa ko ƙyalli.

Mai motar, Fernand Quéméner, dogon tsoho ne, yana zaune a gefen titi. Ya ce wani mai gyaran wutar mota, Mbarek, shi ne ya haɗa masa wayar danjar a makon jiya. Da safe ma lafiya lau take, domin matarsa Odile ta tsaya a baya ta duba kafin ya bar zangon da suke sauka, kamar yadda suka saba.

"Ina take yanzu?"

"Ta hau tasi zuwa Agadir ganin likita. Wayarta a kashe take."

Kafin la'asar an kawo Mbarek, kuma 'yan'uwan Idder sun cika ƙofar ofis suna kiran sunansa. In laifin ya tabbata a kansa, kurkuku ne, shagonsa kuma ya rufe ke nan. Tsoro ya sa ya rantse cewa bai taɓa ganin motar ba, ya manta da tambarin shagonsa da ya liƙa a gilashinta da hannunsa. Sufeto ya nuna masa.

"Mbarek, ƙarya ɗaya na yafe maka. Ka ƙara, ka kwana nan."

"Yallaɓai, ni na yi aikin, amma wallahi danja ta kama. Tsohon ya taka, ni na tsaya a baya na gani da idona."

Sufeto ya tambaye shi ko matar tana wurin. Mbarek ya ce abin ma ya ba shi mamaki. Duk shekara ita ce ke tsayawa a baya tana tsokanarsa wai ya fi mijinta furfura, amma bana ba ta leƙo ba, tsohon ya ce barci take.

Sufeto ya koma wurin motocin, ya kwanta ƙarƙashin ƙarfen da ya haɗa su, ya bi wayar da yatsa. Duk inda Mbarek ya haɗa, da dalma ya liƙe. A tsakiya kuwa wayar ta ja ƙasa ta tsinke, wani ya murɗa ta da hannu ya naɗe da farar filasta irin ta ciwo. Da ya ware, sai ya ga wayar birki ba ta ma taɓa 'yar'uwarta ba. Filastar fes take, ko ƙura ba ta gama kamawa ba.

Daga nan ya wuce zangon Aglou, inda motocin gida ke jere a bakin teku. Maƙwabciyar Fernand, Madam Ginette, mace ce da ba a yi mata tambaya sau biyu. Ta ce da safe ta ga tsohon kwance tsakanin motocin yana fama da waya. Mijinta ya yi masa tayin tsayawa a baya, ya ce a'a, Odile za ta duba.

"Kin ga ta duba?"

"Sufeto, tun zuwansu ban sa ta a idona ba. Kullum ba ta da lafiya. In na kai miya, a ƙofa yake karɓa. Kujera biyu yake fitarwa, ɗaya ake zama a kai."

Sufeto ya daɗe a tsaye a gurbin da motar ta tashi. Ya gane, kuma abin da ya gane bai yi masa daɗi ba. Shi ma ya san yadda ɗaki yake idan babu mai amsa maka.

A ofis ya sa aka kawo wa Fernand shayi, ya ajiye guntun filastar a gabansa.

"Musyu Fernand, wa ya naɗa wannan?"

Tsohon ya ce bai sani ba.

"To, a ba ni sunan likitan. Zan aika mota ta ɗauko Madam. In ta ce ta ga danja ta kama da safe, gobe Mbarek yana gaban alƙali. Da shaidarta za a ɗaure shi."

Fernand ya ture shayin gefe. Da ya buɗe baki, muryarsa ƙasa-ƙasa take. Ya ce Odile ta rasu da bazara a garinsu. Ya binne ta, ya kulle gida, ya kamo hanya kamar kowace shekara. Da ya iso zango aka tarye shi da tambayar ina take, sai bakinsa ya ce tana ciki. Daga ranar ya kasa warwarewa, kuma gaskiya bai so ba, domin a Aglou kaɗai ake tambayarsa ya jikinta.

"Ni na naɗe wayar da safe. Duba danja aikin mutum biyu ne, Sufeto. Tun muna matasa ni ke takawa, ita ke amsa min daga baya. Da na bar wani a zango ya tsaya a wurinta, da kowa ya sani. Na taka, na saurara, na tayar da mota. Ku sallami mutumin nan, ba ruwansa."

Aka sallami Mbarek. Sufeto da kansa ya fita ya yi wa 'yan'uwan Idder bayani, suka watse.

Kofur ya zaro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Tsohon ya miƙe, ya gyara kujerar da ya zauna a kai. A bakin ƙofa Sufeto ya tsayar da shi, ya ce doka ta ba shi damar a sanar da wani nasa.

"Wa za mu kira maka?"

Fernand ya yi dogon tunani.

"Babu kowa," in ji shi, ya bi bayan kofur.