Waƙa Ta Uku A Kayan Auren Kishwar

"Tattara kayanki! Tattara na ce!"

Shabbir ne tsaye a tsakar gidan ƙanwarsa da hantsi, ko takalmi bai cire ba. Kishwar tana durƙushe gaban murhu tana juya gurasa, cikinta ya tsufa har ba ta tashi sai ta dafa bango.

"Yaya, lafiya? Jikin Abba ne?"

"Abba mijinki ya kusa kashewa! Leƙa titi ki ji. Masu keken doki, masu aski, masu tallar rake, kowa waƙarmu yake ja a ƙasa kamar tsumma. Waƙa ta uku, Kishwar! Ya kai ta sinima!"

Gurasar ta ƙone a kan kasko ba ta sani ba.

Bari in ɗan koma baya, don na fara daga tsakiya. Ni maƙwabcinsu ne a tsohon birnin Lahore, ni na koya wa Kishwar karatu tana ƙarama. Shekarar dai ta ɓace mini, ko kafin ambaliyar nan ce ko bayanta. Mahaifinsu Ustaz Karamdin mawaƙi ne, ɗan mawaƙi, jikan mawaƙi. A irin gidajen nan, idan za a kai 'ya ɗakin miji, ba tukwane da katifa kaɗai ake haɗa mata ba, har da waƙoƙin gida, waɗanda ba a rubuta su ko'ina ba sai a ƙirjin uba. Ustaz ya kulle ɗaki da angon 'yarsa kwana arba'in, ya ba shi uku. Biyu ya ce ya rera inda ya ga dama. Ta ukun kuwa sau ɗaya ake rera ta a shekara, cikin dangi, ranar tunawa da kakan da ya tsara ta. Ko ɗansa Shabbir bai ba shi ita ba, ya ce tukuna.

Angon shi ne Dilawar, ɗan wani marini. A rumfar tanti ya fara wasan kwaikwayo, a kasuwannin ƙauye, yana fitowa a ɗan sarki da rawanin kwali, yana waƙa yana zuga akwatin kiɗan nan, hamoniya, da kansa. Ya zo ya durƙusa gaban Ustaz, aka ɗaura masa jan zare a wuyan hannu, ya zama ɗalibi shekara tara. Daga tanti ya hau dandalin birni, daga nan gidan rediyo, daga nan fim, kuma kowa ya san shi ke rera waƙoƙin finafinansa da bakinsa.

To, ran nan Shabbir da Kishwar suna cikin haka Dilawar ya shigo, ledar lemo a hannu. Da ya ga Shabbir sai ya tsaya cak.

"Ga jarumin nan!" in ji Shabbir. "Ga mai shafa hoda! Nawa suka ba ka, ɗan marini?"

Kishwar ta juya wajen mijinta. "Ka ce masa ƙarya ne. Don Allah ka ce ba ita ba ce a fim ɗin."

Dilawar ya dubi Shabbir, ya daɗe yana dubansa, sannan ya sunkuyar da kai.

"Ita ce."

"Kai ka kai musu?"

Ya ajiye ledar lemon a ƙasa.

"Tambayarka nake!"

"Kishwar, ki yi haƙuri. Ba zan ce komai ba."

Ta ɗauki mayafinta ta bi yayanta, tana kuka har bakin keken doki.

Da la'asar Ustaz ya aika a kira Dilawar. Ina nan zaune, don an kira ni shaida. Tsohon yana jingine da matashi, ƙafarsa ta hagu ta daɗe da mutuwa, amma harshen yana nan da kaifinsa.

"Miƙo hannunka."

Dilawar ya miƙa. Ustaz ya sa almakashin yanka goro ya datse jan zaren, ya jefar a kaskon tofi.

"Na ɗauko ka kana warin baba, na zuba maka abin da ban zuba wa ɗan cikina ba. Kakana alwala yake yi kafin ya buɗe baki da waƙar nan. Kai kuma ka rera ta kana zagaya bishiya da 'yar rawa! Ko ƙarya aka yi maka?"

"Ustaz, fuskata ce aka gani."

"To fita! Matarka kuwa ta dawo gidan ubanta."

Ustaz bai taɓa taka sinima ba, rediyo ma ba ya kwana a gidansa, yana cewa akwatin shaiɗanu ne. Tun daga ranar ya sa aka mai da gadonsa ƙuryar ɗaki, aka toshe taga, don kada iska ta kawo masa waƙar. Kishwar kuwa da ta ji an fara bugun gangar tabla na waƙar daga shagon shayi, sai ta cusa yatsu a kunne har a gama.

Ta haifi 'ya mace, aka sa mata Zarina, ba a bar uban ya gan ta ba. Dilawar ya ajiye fim gaba ɗaya. Daraktoci suka yi ta sintiri a ƙofarsa, ya ce a'a, ya koma dandali yana fitowa a ƙananan matsayi, yau bawa, gobe mai gadi. Amma duk ranar Alhamis bayan azahar sai ya zo ƙofar Ustaz da kwandon alewar madara, ya tsaya. Duk Alhamis kuma Shabbir ke fitowa.

"Ka dawo, kare? Yau wace rawa za ka yi mana?"

"Yaya Shabbir, na zo gaida Ustaz ne."

"Ni ba yayanka ba ne! Yayanka yana bakin karofi!"

Ya karɓi kwandon ya watsa a kwata. Wata ranar har ruwan wanke-wanke aka sheƙo masa daga bene. Sai ya share fuska ya ce, "A gaida Ustaz," ya juya. Na taɓa tare shi a lungu na ce, "Ɗana, wannan wane irin zama ne?" Ya ce, "Malam, zaren da ke hannu kaɗai aka yanke." Ina jin ranar ce ya saya mini rumman, ko kuwa wani ne ya saya, oho.

Wata goma sha ɗaya aka yi haka. Sai Shabbir ya shiga zuga tsohon.

"Abba, har yaushe za ta zauna da igiyar ɓarawo a wuya? A karɓo takardarta!"

Ustaz ya yanke: ranar Juma'a mai zuwa Dilawar ya zo ya rubuta saki a gaban shaidu. Kishwar ta faɗi a ƙafafunsa.

"Abba, ko don Zarina!"

"Zarina tana da kaka. Tashi!"

Ranar Laraba ana bikin 'yar maƙwabta, aka matsa wa Kishwar ta leƙa. Ƙawayen amarya suka zaunar da ita, suka zana mata lalle hannu biyu har gwiwar hannu. Lallen yana ɗanye sharaf sai wata yarinya ta ɗora faifai a garmaho.

"Kai, ku saurari wannan, ai ita ce ta yi tashe bana!"

Tabla ta fara. Kishwar ta ɗaga hannu za ta toshe kunne, wata tsohuwa ta cafke ta.

"Ke! Za ki ɓata mana aiki, ki ɓata fuskarki?"

Haka ta zauna tana kuka, hannuwa a sama, waƙar faifan ta shiga kunnenta karo na farko. Baiti ɗaya, baiti biyu. Sai ta daina kuka. Ta ce, "Sake sa shi." Aka sake. Ta miƙe ta sunkuci garmahon da faifan, lalle yana gogewa a jikin akwatin, matan gida suna ihu a bayanta, ta tsallaka titi ko mayafi babu.

Ta dire shi a tsakiyar ƙuryar ubanta. Shabbir yana nan yana matsa wa tsohon ƙafa, ya zabura.

"Kin haukace? Fitar da ƙazantar nan!"

"Ba inda za shi. Abba, ka saki aurena ranar Juma'a, na yarda. Amma yau sai ka ji abin da za a sake ni a kansa."

"Kishwar, zan mare ki!" in ji Shabbir.

"Mara, Yaya. Me kake tsoro?"

Ustaz ya dubi ɗansa, ya dubi 'yarsa, ya ce, "Kunna."

Ta wana hannun garmahon, ta ɗora allura. Tsohon ya rufe ido, haƙoransa a cije. A baiti na biyu akwai wani dogon hawa da ake yi da numfashi guda. Mai waƙar ya kai tsakiya, ya saci numfashi, ya ci gaba. Ustaz ya buɗe ido.

"Tsaya. Mai da shi baya."

Ta mayar. Ya sake ji.

"Dilawar yana hawa nan ya sauko bai shaƙi iska ba. Mutum ɗaya na sani mai tsinkewa a tsakar hawa. Tun yana shekara takwas nake dukan hannunsa a kan haka." Ya juya a hankali. "Shabbir. A ina ka same ta?"

Shabbir ya ja da baya har ya bugi bango. Sai kuma ya fashe.

"A bayan ƙofa! Kwana arba'in ina tsugune a bayan ƙofar nan kamar maroƙi, kana ɗura wa ɗan marini gadona! Ni na kai ta sutudiyo, ni na rera, da sunan bogi, aka manna hotonsa a jikin faifan. Shi baki kawai ya motsa!"

"Kuma ka tsaya kana kallo na yanke masa zare?"

"Ya isa ya tona ne? Ai ya san ɗa ɗaya gare ka!"

Tsohon ya ɗaga hannu sama, sai ya sauke shi a kan fuskarsa.

Ba a jira Juma'a ba. Washegari Alhamis, Dilawar ya zo da kwandonsa kamar kullum, sai ya tarar da ƙofa a buɗe, Kishwar a tsaye da yarinya a kafaɗa. Ta miƙa masa ita, ya saki kwandon ya karɓa, alewa ta zube a ƙasa.

"Me ya hana ka faɗa?" in ji Ustaz da aka shigar da shi.

"Ranar da aka kunna ta a wurin ɗaukar fim na gane muryar. Da na faɗa, da ka tsine wa ɗanka tilo, kuma ka ce mana wanda aka ɗaura wa zare ba ya kai ƙarar jinin malaminsa. Amma ni ma ina da laifi, Ustaz. Kamata ya yi in cire rigar wasan in fita. Tsoron darakta ya sa na motsa baki."

"Ni kuma fa?" in ji Kishwar cikin kuka da faɗa. "Ni ba jinin malaminka ba ce? Wata goma sha ɗaya!"

"Ke ce na fi zalunta. Ki yafe mini."

"Sai na yi tunani!" Amma ta matso kusa da shi.

Ustaz ya sa aka zaro jan zare daga gefen mayafinta, ya ɗaura masa da hannunsa. Da ya buɗe baki zai yi wa Shabbir baki, Dilawar ya riƙe ƙafarsa.

"Idan ka yi, wahalar da muka sha ta tashi a banza. Ka koya masa ita daidai, ta ƙofa."

An daɗe kafin tsohon ya yarda, kuma Shabbir ya shekara bai iya haɗa ido da surukinsa ba. Dilawar ya koma fim, ya yi suna fiye da da, ya tsufa yana fitowa a uba da alƙali, bai bar dandali ba har ƙarfinsa ya ƙare. Waƙa ta uku kuwa bai ƙara bari ta fita ba. Ranar tunawa da kaka su biyu suke rera ta, idan an zo hawan nan Shabbir ya yi shiru, Dilawar ya ƙarasa.

'Ya'yana, na manta abubuwa da yawa, amma wannan ban manta ba: kada ku yanke wa mutum hukunci da abin da kuka ji a titi alhali kun toshe kunne ga shaida. Uba kuma kada ya bar ɗansa a bayan ƙofa, don a nan hassada take girma. Wanda ya yi haƙuri saboda Allah, ko an watsa masa ruwan wanke-wanke, ranar buɗe ƙofa tana zuwa.