Ranar da Aka Sallami Yaya daga Maɗaba'a

Allah sarki Yaya! Ranar da aka sallame ta, tsayuwa ta yi gaban tsohon injin buga littattafai tana shafa shi, hawaye na ɗiga kan hannuwanta da tawada ta rine. A nan marigayi babanta yake ɗora ta bisa kujera tana ƙarama, yana koya mata sauraron kukan inji, ƙamshin sabuwar takarda ya cika ɗakin. Da ya rasu ta bar makaranta tana aji biyu, ta gaji aikinsa don ƙaninta Auta ya yi karatu...

Shekara goma sha tara ke nan. Yau Autan nan da ta goya shi ne manaja, shi ne kuma ya liƙa sanarwa cewa duk wanda ba shi da digiri ya ajiye aiki. Ta roƙe shi don darajar iyayensu, ya ce ofis bai san zumunci ba. Da ta tuna masa cewa takarda baƙuwa ce, sai ta kwana biyu ta saba da iskar ɗaki kafin a buga, yadda Baba yake yi, sai ya kwashe da dariya gaban sababbin ma'aikata.

"Camfin jahilai ke nan, Yaya. Je ki huta."

Ta fita ba ta waiwayo ba, ta ce Allah na gani. Wata uku tana wankau, maƙwabta na yi mata habaici, ciwon baya ya kwantar da ita, Auta ko leƙe!

Rana ba ta ƙarya. Da damina aka kawo aikin littattafan makarantu, aka sauke takarda daga mota aka zura wa inji nan take. Ta nannaɗe, launuka suka hau juna, dubban littattafai suka lalace. Mai maɗaba'ar, dattijo abokin babanta, da ƙafarsa ya zo ƙofarta yana cewa 'yata ki yafe mini.

Ta dawo, ta taɓa sauran takardar kawai ta ce a bar ta sai jibi. Jibin kuwa aiki ya fito tas! Dattijon ya yage sanarwar, ya karɓe makullin ofis daga hannun Auta, ya ce in yana son zama, ya koyi aiki a ƙarƙashinta.

Auta ya durƙusa yana kuka. Yaya ta jawo tsohuwar kujerar nan, ta share ƙurarta da gefen mayafi.

"Zauna, Autan Baba. Daga sauraro ake farawa."