Rabin Mataki

"Ku tsaya! Na ce ku tsaya!"

Ustaz Shaukat ya buga sandarsa a kan tebur, makaɗansa arba'in suka ɗauke hannu lokaci guda. Nirmin, 'yarsa, tana zaune a layin gaba da gogenta a kafaɗa, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Abin da ya fita yanzu kam ba kiɗa ba ne. Masu goge suna gabas, samarin nan masu jita suna yamma, sai ka ce kyanwa da kare aka haɗa a buhu.

"Wa ya rubuta mana waɗannan takardu?"

Ya sani sarai. Kunya dai yake so ya ba ta.

"Ni ce, Baba..."

"A nan ba ni da 'ya. Ustaz za ki ce."

Wata 'yar dariya ta fito daga bayan fiyano. Dalya ce, mai kaɗa fiyano a ƙungiyar Wa'il, saurayin Nirmin mai jita, wadda duk Iskandariyya an san ta mutu a kansa tun suna makaranta. Nirmin ta ajiye goge ta fice da gudu, hawaye ya riga ta zuwa ƙofa.

Wayyo Nirmin! Wata uku cur ta yi a kan takardun nan.

Wa'il ne ya fara sa mata faifan waƙar, a tsohon garmahon mahaifinsa marigayi. Wasu Turawan Ingila ne na shekarun saba'in, masu gashi har kafaɗa, waƙa ɗaya sai ta ci minti ashirin. Ta zauna tana yatsina, ita da aka raina da kiɗan manya. Sai can ƙarƙashin rugugin jita ta ji gogaye suna tasowa a hankali, sarewa ta amsa musu, ƙaho ya shigo ya ɗaga komai sama. Ba ta san lokacin da ta fara kuka ba. Ran nan ta kamu da son kiɗan, ta kuma kamu da son mai garmahon.

Baba ko da ya ji zancen aurensu ya ce atafau.

"Mai jita? Wannan mai hayaniya ne, ba makaɗi ba. Ba zan ba shi ko kazar gidana ba."

Sai da mahaifiyarta ta yi mako biyu ba ta dafa masa wakensa na safe ba sannan ya sassauta. Ya ce to, a haɗa makaɗansa da yaran nan a kaɗa waƙar a bainar jama'a. In an tashi lafiya, Wa'il ya turo manyansa. In an ji kunya, kada a sake ambata masa sunan yaron har abada. Takardun kiɗan kuwa babu su a ko'ina, don haka Nirmin ta zauna gaban garmaho tana saurare tana rubuta wa kowane makaɗi nasa da kunnenta. Ga shi gobe ne wasan.

A bakin matakala Wa'il ya cim mata, yana haki.

"Nirmin... zuciyata, dube ni."

"Kar ka taɓa ni! Na kashe mu, Wa'il. Kunnena ya ci amanata."

"Kunnenki lafiyarsa ƙalau. Yanzu na gane. Garmahon ne, ya tsufa, yana gudu fiye da ƙima. Duk abin da ya fito daga cikinsa ya hau sama da rabin mataki. Mu kuma a waya muka koyi waƙar, a muryarta ta asali. Abin da kika ji shi kika rubuta."

Ta ɗago da jajayen idanu.

"Amma na kai wa Dalya takardun tun watan jiya! Ta gwada a fiyano, ta ce komai daidai..."

"Ai daidai ne," in ji Dalya daga saman matakala, tana gyara gashi. "Daidai da garmaho. Ke da aka ce 'yar Ustaz ce, ni wa zan gyara miki?"

"Allah ya isa, Dalya!"

"Ya isar wa kowa, 'yar'uwa. Takardun mutum arba'in kafin gobe? Sai dai ki haɗa da aljanu."

Maƙira! Gaskiya ta faɗa kuwa, abin da ya fi ciwo ke nan. Ko mako guda bai isa a sake rubuta su ba.

Wa'il bai ko kalle ta ba. Ya ce wa Nirmin, "Taso mu koma."

"Mu koma mu yi me?"

"Mu za mu hau mu same ku."

"Ka haukace? Ƙarshen waƙar da kyar muryarka ke kaiwa a yadda take. In aka ƙara rabin mataki..."

"Na sani."

Suka koma. Tsofaffin makaɗa suna shan shayi suna gulma ƙasa-ƙasa. Wa'il ya tsaya gaban Ustaz ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, takardun ba su da laifi. Garmahona ne ya ɓatar da ita, laifin nawa ne. A bar rubutunta yadda yake, mu za mu ɗaga."

Ustaz ya dube shi sama da ƙasa.

"Za ka iya?"

"Zan gwada."

Aka ɗaga muryar jita da rabin mataki, Dalya ta bi ba don tana so ba. Sandar Ustaz ta sauka. Wannan karon kiɗa ya haɗu, gogaye suka taso yadda Nirmin ta ji su ran farko, har wani tsoho mai sarewa ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Aka zo ƙarshe, Wa'il ya ja numfashi ya ɗaga murya... ta tsage kamar ta zakaran da bai gama girma ba.

Dariya ta ɓarke.

"A sake," in ji Wa'il.

Ta sake tsagewa. Wani daga baya ya ce, "Ɗana, ka bari mu kira maka likita!"

"A sake, don Allah."

Gumi ya jiƙe masa riga, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Nirmin tana jan goge hawaye na ɗiga a kan katakon, zuciyarta kamar ana yanka ta. A karo na uku muryar ma ba ta fito ba, iska ce kawai. Wannan karon babu wanda ya yi dariya.

"A sa..."

"Ya isa!"

Ustaz ya ajiye sanda. Nirmin ta rufe ido, ta san an gama. Sai ta ji ya juya ga mutanensa yana cewa:

"Ku sauko rabin mataki. Kowa ya karanta abin da ke gabansa, ya kaɗa ƙasa da shi."

Tsofaffin suka gyara zama ba wata damuwa, kamar an ce su miƙo gishiri, samarin kuma suka mayar da jitarsu yadda take.

"Baba... dama za su iya?"

"Shekara arba'in muna bin mawaƙan da suka kwana da mura, yarinya. Wanne ne ba mu sauko wa ba?"

"To me ya sa ka yi shiru tun ɗazu?"

"Ina jira in ji wa zai ɗora wa laifin."

Dalya ta rufe fiyano za ta tashi, ya nuna ta da sanda. "Zauna ki gama aikinki. Bayan gobe ki nemi wata ƙungiyar."

Aka kaɗa waƙar daga farko har ƙarshe, minti ashirin ba tsayawa. Wa'il ya kai ƙarshen da 'yar ragowar muryarsa, a dishe, amma ya kai. Ustaz ya daɗe tsaye bai sauke hannu ba. Da ya sauke, sai ya ciro hankici ya yi kamar gilashinsa yake gogewa.

"Turawan nan sun san goge," ya faɗa a hankali. "Wadda ta rubuta ma ta sani."

Nirmin ta fashe da kuka, ta faɗa ƙirjin mahaifinta a gaban kowa. Ya dafa kanta, sannan ya harari Wa'il ta saman kafaɗarta.

"Kai kuma, ka je ka sha zuma, gobe akwai aiki. Ranar Alhamis ka turo manyanka."

Wa'il ya buɗe baki zai yi godiya, ko sauti bai fita ba.

"Yauwa, haka nake son ka," in ji Ustaz. "In ka zo gidana ma, don Allah kar ka yi waƙa."